Ƙofar da Ba Ta da Zaure

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu ji da gani da hankali, Ya kuma sanar da mu cewa akwai ranar da za a tambaye mu yadda muka yi da su. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka, ya ku 'yan'uwana Musulmi maza da mata, ina yi wa kaina wasiyya da tsoron Allah, sannan ina yi muku, a sarari da kuma a ɓoye. Ɓoyen da ya fi damuna a yau yana cikin aljihun kowannenmu.

Ku tuna yadda iyayenmu suka gina gidajensu a Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram. Zaure ne a gaba. Baƙo ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, a turo yaro ya tambayi ko wane ne, maigida ya fito su gaisa a kan tabarma. In ciniki ya kawo shi, a zaure zai gama ya koma. In ɗan'uwa ne na jini, sai a yi masa iso ya wuce ciki. Magina ma ba sa daidaita ƙofar zaure da ta shigifa, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Fiƙihu ne wannan, aka gina shi da tubali da ƙasa. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana mumini shiga gidan da ba nasa ba sai ya nemi izini ya yi sallama, Annabi (SAW) kuma ya koyar da cewa sau uku ake neman izinin, in ba a amsa ba mutum ya juya.

A watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara harkar wayar salula a Nijeriya. Waɗanda suka manyanta sun san halin da ake ciki kafin nan. Tarho sai ofisoshin gwamnati da gidajen masu hali, mai son aika saƙo Legas ko Fatakwal sai ya rubuta wasiƙa ya je tasha ya roƙi direba. Yau mai shayi yana da waya, makiyayi a ruga yana da ita, tsohuwa a ƙauye tana jin muryar ɗanta da ke ci-rani a Kurmi. Alhaji yana tsaye a Arfa yana neman yafiyar mahaifiyarsa. Manomi yana jin farashin masara a Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota. Mace ta fara naƙuda cikin dare, kira ɗaya ya kawo mai adaidaita sahu ƙofar gida. Wanda ya musa cewa wannan ni'ima ce ya yi wa Allah butulci.

Sai dai ni'imar ta zo da ƙofarta, ƙofar kuwa ba ta da zaure. Mutumin da a da ba zai wuce dakalin gidanka ba, yau yana shiga har ƙuryar ɗaki ƙarfe biyun dare, ya yi magana da kai, da matarka, da 'yarka, ba sallama ba iso. Ta nan ɗan damfara yake shigowa, ta nan sirrin gida yake fita. Malamai sun ce shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini da rai da hankali da dukiya, da zuriya tare da mutuncinta. Babu ɗaya daga cikinsu da wannan ƙofa ba ta kaiwa gare shi. Don haka kiyaye waya aikin addini ne, kuma kiran da nake yi shi ne kowa ya gina wa wayarsa zaure.

Mu fara da rai, domin shi in ya tafi ba ya dawowa. Malam direba, ka ɗauko fasinja cike da mota daga Kano za ka kai su Kaduna, kowannensu akwai masu jiransa a gida. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a sakan ɗaya. In ka sunkuyar da kai na sakan 5 kacal don karanta saƙo, ka yi tafiyar kusan mita 140 kamar idonka a rufe, tsawon da ya zarce filin ƙwallo. A cikin wannan tazara akwai rami, akwai saniyar da ta ɓullo daga daji, akwai tirelar da ta lalace a tsakiyar titi, akwai yarinya mai talla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi, yiwuwar ya yi karo ta ninka ta waninsa kusan sau huɗu, kuma dokar hanya ta ƙasar nan ta sa shi cikin laifukan da jami'an kiyaye haɗurra ke kamu a kansu. Amma tarar hukuma ƙaramin abu ce. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya ga iyalan mamaci, da kaffarar da a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere. Wannan fa hukuncin kuskure ne. To wanda aka gaya masa, ya ji, ya sani, ya ɗauki wayar duk da haka, da wane baki zai kalli marayu ya ce musu kuskure ne?

Na san amsar da ake bayarwa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Sayyidina Umar kuma, da ya kama hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da jama'arsa, ya bayyana musu cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ka ratse gefen titi ka tsaya, sannan ka amsa kiranka. Kai fasinja, in ka ga direba ya kara waya a kunne, ka yi masa magana cikin ladabi, kada kunya ta kai ku kushewa. Ke uwargida, in kin kira kin ji ƙarar mota, ki ce masa sai ya sauka, ki kashe. Ɗan acaba da mai adaidaita sahu, da saurayin da ke tsallaka titi ya toshe kunnuwansa biyu da kiɗa, duk maganar ta shafe ku.

Akwai kuma masifar ƙwacen waya da ta addabi Kano da wasu biranenmu, inda ake soka wa bawan Allah wuƙa saboda abin da gobe za a sayar a wulaƙance. Kada ka riƙa ratsa lungu cikin duhu waya a hannu tana haska fuskarka. In an tare ka da makami, ka miƙa; kasuwar Farm Centre cike take da wayoyi, rai kuwa babu shagon da ake sayar da shi. Tun yau ka danna *#06# ka kwafe lambar IMEI mai alƙaluma 15 a takarda ka adana, domin da ita ake gane wayarka in ta ɓata. Kai kuma mai sayen waya a hannun yaro, ba kwali ba rasit, a kan rabin kuɗinta, ka sani kai ne kake wasa wa ɓarawo wuƙarsa. A cikin gida ma a kula. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi, kada a kwana da waya tana caji a ƙarƙashin matashi, kuma cajar da araharta ta yi yawa tana iya jawo gobara.

Sai dukiya. Waya ta yi ƙara, mai kira ya yi sallama cikin ladabi, ya ambaci cikakken sunanka. Ya ce daga bankinka yake, an samu matsala a BVN ɗinka, in ba a gyara yanzu ba za a rufe asusunka kafin la'asar. Zai taimake ka, ka dai karanto masa lambobin da ke jikin katinka, da waɗanda suka shigo maka ta saƙo yanzun nan. Kafin ka ajiye wayar, kuɗin da ka shekara uku kana tarawa don auren 'yarka sun bar asusun. Ku riƙe wannan da kyau, ku kuma faɗa wa iyayenmu tsofaffi da harshen da za su gane: babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka, ko lambobin katinka, ko lambar nan ta wucin gadi da ake turowa ta saƙo. Lambar BVN da Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da ita a 2014, da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kowacce alƙaluma 11 ce, kuma makullan gidanka ne. Ba a karanta su ga muryar da ba a san fuskarta ba. Ka kashe wayar, ka taka da ƙafarka zuwa banki.

Da igiya uku ɗan damfara yake kama mutum: ya tsorata ka, ko ya kwaɗaita maka, sannan ya hana ka lokacin yin tunani. Wani zai kira ya ce shi ɗan zaurenku ne na WhatsApp, na tsofaffin ɗalibai ko na masallacin unguwa, za a yi taro da daddare, ka faɗa masa alƙaluma shida da aka turo maka don ya sa ka a ciki. Alƙaluman nan shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da ka faɗa, ya zama kai, sai ya bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka yana cewa kana asibiti a taimaka. Manhajar tana da kariya ta mataki biyu, inda za ka sa wata lambar sirri taka ta kanka, minti biyu ya isa a kunna ta. In kuma saƙon neman kuɗi ya zo maka da sunan ɗan'uwa, ka kira shi ka ji muryarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Ɓarawon waya a yau sau da yawa layin yake nema fiye da wayar, domin ta layin ake shiga asusun banki. Ka sa wa allon wayarka makulli, ka sa wa sim ɗin ma lambar sirri, kada ka ajiye lambar katinka a cikin wayar, kada kuma shekarar haihuwarka ta zama lambar sirrinka. In waya ta ɓata, kafin a zauna jaje, a fara kiran banki a dakatar da asusu, a je kamfanin layi a toshe shi. 'Yan kasuwarmu kuma sun ɗanɗana alat na bogi, musamman lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da kowa ya koma tiransifa. Saƙon alat ana iya ƙirƙirarsa. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka kafin kaya su bar shago.

Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. A Disamba 2016 tsarin MMM ya kulle kuɗin mutane bayan ya yi musu alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. A Afrilu 2025 CBEX ya rushe da dukiyar jama'a. Suna ne kawai yake sauyawa. Babu gona, babu masana'anta, babu haja, kuɗin na baya ake ba na gaba har ranar da na baya suka ƙare. Wanda ya samu riba a ciki, gumin ɗan'uwansa ya ci. Haka manhajojin bashi: ga kuɗin ruwa a sarari, ga shi ka ba su izinin shiga jerin lambobinka, ranar da ka makara sai su aika wa surukanka da limaminku saƙon cin mutunci. Caca kuma, da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, ta sa rigar ƙwallon ƙafa ta shiga wayoyin samarinmu. Kai kuma ɗana da ka mayar da damfara sana'a, ka ji tsoron addu'ar tsohon da ka kwashe wa kuɗin fansho. Ka tuba, ka kuma sani tuba daga haƙƙin bawa ba ta cika sai an mayar masa da abinsa.

Yanzu na zo inda na fi jin tsoro, domin a nan mutumin kirki ne yake cutarwa da hannunsa, yana zaton alheri yake yi. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare: a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai shi ne rigakafi. Uwa ta kira ɗanta, ɗa ya kira ƙanwarsa, kowa don ƙauna. Aka wayi gari ana kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Masu turawa ba su yi da niyyar kisa ba, sun dai buɗe wa baƙo ƙofa ba su tambaye shi daga ina ya fito ba.

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci muminai su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da wasu cikin rashin sani su dawo suna nadama. Ku tuna abin da ya faru a Madina bayan yaƙin Banu Musɗaliƙ. Uwar Muminai Nana A'isha ta tsaya neman sarƙarta, ayari ya tafi ya bar ta, sahabi Safwan ɗan Mu'aɗɗal ya same ta ya kawo ta. Shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu ya jagoranci ƙazafi, amma ba shi kaɗai ya yaɗa ba, har wasu muminai na gaskiya sun ji sun maimaita. Kusan wata guda gidan Annabi (SAW) yana cikin baƙin ciki, Nana A'isha kuma da ta ji labarin ta yi ta kuka ba dare ba rana, kafin Allah Ya saukar da ayoyin Suratun Nur Ya wanke ta. A cikin ayoyin an zargi masu karɓar magana daga baki zuwa baki ba tare da sani ba, suna ganinta abu mai sauƙi alhali a wurin Allah babba ce. Wannan ya faru a garin da labari ke tafiya da ƙafa. Yau yatsa ɗaya yana kai shi guruf goma, kowane guruf da ɗaruruwan mutane. Mu da kanmu muka raɗa wa guruf ɗin nan suna zaure, to ya kamata mu ba shi haƙƙin sunan, a tsare baƙon labari a tambaye shi.

Bukhari ya ruwaito daga Samura ɗan Jundubi mafarkin da aka nuna wa Annabi (SAW), inda ya ga ana tsaga wa wani mutum baki da hanci da ido har zuwa ƙeya da ƙugiyar ƙarfe, in an koma ɗaya ɓangaren sai na farko ya haɗe, a sake. Aka bayyana masa cewa mutumin shi ne wanda ke fita daga gida ya yi ƙarya ta game ko'ina. Mu mun ga da idonmu yadda ƙaryar mutum ɗaya take game duniya kafin ya gama shan shayinsa. Muslim kuma ya ruwaito cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Saboda haka rubuta "kamar yadda aka turo mini" a ƙasan saƙo ba zai wanke ka ba.

Mu fa al'ummar isnadi ce. Imamu Bukhari ya yi shekara 16 yana tace littafinsa, yana ratsa garuruwa don tantance wa ya ji daga wa. Yau kuma muna tura hadisin da babu shi a kowane littafi, an rubuta a ƙasansa wai duk wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga masifa. Jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba yana cikin manyan zunubai, kuma an yi wa mai yin sa da gangan alkawarin mazauni a wuta. In ba ka tabbatar ba, ka tambayi malami, ko ka bar saƙon ya mutu a wayarka.

Da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincike shi. Ana ɗauko hoton rikicin wata ƙasa na shekarun baya a ce jiya aka yi a Jos ko Kaduna, na'ura kuma ta kai ga kwaikwayon muryar malami da fuskarsa, ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Saƙon da ya sa jininka ya tafasa, yana cewa maza a tura, shi ya fi cancantar a tsare. Wa ya faɗa? Yaushe, kuma a ina? In na tura ya zama ƙarya, wa zai cutu? Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Ku ji tsoron Allah kan mutuncin mutane. An yi haɗari a titi, bayin Allah na kwance cikin jini, maimakon a kira 112 ko a kai hannu, sai a zaro waya ana ɗauka. Uwa ta buɗe Facebook ta tarar da gawar ɗanta tun ba a zo an zaunar da ita an faɗa mata ba. Annabi (SAW) ya yi wa mai suturta Musulmi albishir da suturar Allah, mu kuma mun mayar da tonon asiri abin gasa. Ke 'yata, hoton da ba za ki iya nuna wa mahaifinki ba, kada ki ɗauke shi, balle ki tura wa saurayi, komai rantsuwarsa. Soyayya tana ƙarewa, waya tana ɓata, tana zuwa wurin mai gyara, ana sayar da ita, hoto kuwa yana nan. In wani ya riga ya kama ki da irin wannan yana yi miki barazana, kada ki biya shi, kada ki yi shiru. Ki faɗa wa mahaifiyarki ko wani babba da kika amince da shi a kai maganar ga hukuma, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irinsa. Iyaye kuma ku karɓe ta da rahama. Kai mai gyaran waya, amana aka miƙa maka, ka gyara abin da aka kawo ka kawar da idonka daga saura. A wannan zamani na garkuwa da mutane kuma, kada ka yi wa duniya shelar ranar da za ka kama hanya, da makarantar da yaranka suke, da kuɗin da ka samu.

Iyaye, aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ɗora mana kare kanmu da iyalanmu daga wuta. Babu wanda zai bar ɗansa ɗan shekara goma a tsakiyar tasha da tsakar dare ya tafi, amma muna miƙa masa waya mai data mu ja masa ƙofar ɗaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙaramin yaro wayar gida ta ishe shi, a tsakar gida, a gaban idonku. In ya isa riƙe tasa, ku san lambar buɗe ta, ku san da wa yake magana, a kuma yi dokar gida cewa bayan isha'i duk wayoyi a ɗakin iyaye suke kwana. Ku zaunar da su ku yi musu bayanin dalili, domin yaron da ya san duka kaɗai ke jiransa, ranar da baƙo ya fara yi masa maganar banza ɓoyewa zai yi. Ku kuma fara da kanku. Uban da ɗansa ke yi masa magana idonsa na kan allo, ya riga ya koya masa yadda ake yi.

Sai addini, wanda dominsa ake kare sauran. Liman ya kabbara, sahu ya yi tsit, sai kiɗa ya tashi daga aljihun wani. Kashe ƙarar waya a ƙofar masallaci ya zama cikin ladabin shigarsa, kamar cire takalmi. In ka manta ta yi ƙara kana salla, ka sa hannu ka kashe, ɗan motsi don gyaran salla ba ya ɓata ta. Ranar Juma'a kuwa, Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi wasa da tsakuwa liman yana huɗuba ya yi yasasshen aiki. Ina ga mai latsa waya daga farkon huɗuba har a tayar da salla? Asuba nawa ta kuɓuce mana saboda hirar ƙarfe ɗayan dare? Ibnu Majah ya ruwaito daga Sauban labarin mutanen da za su zo ranar ƙiyama da ayyuka kamar duwatsun Tihama, a mayar da su ƙura, saboda in sun kaɗaita da abin da Allah Ya haramta sai su keta shi. Kana iya goge abin da ka kalla, ka goge saƙon da ka tura, amma hannunka ba ya kaiwa ga littafin mala'iku. Suratu Yasin ta ba mu labarin ranar da za a rufe baki hannaye su yi magana, kuma wannan babban yatsa da ke shafa allo yana cikin masu ba da shaida.

A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tana tura jajinta, wato matan da ta koyar, da ƙafa, ƙauye zuwa ƙauye, don su kai wa mata ilimin addini. Abin da suke kwanaki a hanya don isarwa, kai an sa maka shi a tafin hannu. Waya kuma tana daɗewa bayan mai ita. Ana binne mutum, karatun da ya tura yana ci gaba da yawo yana kai masa lada, ana kuma binne wani, abin da ya saka yana ci gaba da yawo yana ƙara masa nauyi. Ka tambayi kanka: in aka miƙa wa mahaifiyarka wayarka a buɗe ranar da ake zaman makokinka, me za ta gani?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan zaure ba ya buƙatar tubali ko magini. Yau da daddare kafin ka kwanta, ka sa wa wayarka da layinka makulli, ka kunna kariyar WhatsApp, ka goge abin da ba ka son ka haɗu da Allah da shi, ka fita daga zauren da ba a komai a cikinsa sai cin naman mutane. Gobe ka je ka zauna da mahaifinka ko mahaifiyarka, ka koya musu cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Ya Allah, Ka tsare mana jinmu da ganinmu da harsunanmu da yatsunmu. Ka kare rayukanmu a kan hanya, Ka kare dukiyarmu daga azzalumai, Ka suturta matanmu da 'ya'yanmu, Ka shiryi waɗanda suka ɓata daga cikinmu. Kada Ka sa abin da ke aljihunmu ya zama shaida a kanmu ranar haɗuwa da Kai. Ka gafarta mana da iyayenmu da malamanmu da dukkan Musulmi, rayayyu da matattu. Amin.